"KI JIRA NI SAI NA CI GMAT"

  Wannan watan na ture wasiƙu da yawa gefe, masu su su yi mini afuwa sai fitowa ta gaba, saboda wata guda ɗaya da ta tsaya mini a rai, wadda na tabbata ba mai ita kaɗai ce a cikin irin wannan tsaka mai wuya ba.

Wata ƙanwata ce ta rubuto, ta haɗa ni da Allah kada in faɗi sunanta ko unguwarsu, to na ji na kuma kiyaye. Shekararta 24, ta gama digiri har ta yi bautar ƙasa. Shekara uku ke nan suna tare da wani saurayi ma'aikacin banki, manya sun shiga maganar, an kai kuɗin gaisuwa, abin da ya rage kawai sa rana. Kwatsam ran nan ya zo zance ya ce a ɗan dakata tukuna, wai akwai wata jarrabawa mai suna GMAT da yake so ya zauna, in ya ci ya tafi ƙasar waje ya yi MBA, in ya dawo sai a sha biki. Ga yadda ta rufe wasiƙar: "Anti, ni ko sunan jarrabawar ban taɓa ji ba sai a bakinsa. Mama ta ce yaudara ce irin ta samarin zamani, Baba kuma ya ce in har babbar sallah ta wuce bai fito ba zai ba ɗan amininsa. Ni kuwa wallahi shi nake so. Don Allah ki gaya mini, da gaske yake ko sulalewa yake so ya yi?"

To ƙanwata, abin da ke cikin zuciyar namiji sai Allah. Amma jarrabawar nan ba aljana ba ce, an san tsawonta, an san kuɗinta, an san lokacinta, kuma in kika san waɗannan ke da kanki za ki iya auna maganarsa ba sai kin je wurin kowa ba.

Mu fara da MBA ɗin. Digiri ne na biyu a kan tafiyar da kasuwanci da shugabancin ma'aikata: yadda ake riƙe lissafin kamfani, yadda ake nemo jari, yadda ake tallata haja, yadda ake bi da mutanen da ke ƙarƙashinka. Jami'ar Harbad ta Amurka ce ta fara koyar da shi a 1908. Na san wani dattijo zai ce, shi Alhassan Ɗantata wane MBA ya yi? Gaskiya ne, bai yi ba, kuma har gobe akwai masu shaguna a Kantin Kwari da za su koya wa farfesa ciniki. Sai dai shi yaron nan ba shago yake son buɗewa ba, kujerar manaja yake hange a banki ko babban kamfani, can kuwa takarda tana magana. Saboda haka burin nasa ba shirme ba ne, kada a raina masa.

Ita kuwa GMAT jarrabawa ce da makarantun koyon kasuwanci suke amfani da ita wajen tace masu nema. A 1953 wasu makarantu tara na Amurka suka haɗu suka ce ga masu nema daga jami'o'i daban-daban, kowa da irin makin jami'arsa, ina mudun da za a auna kowa da shi? Sai aka fara ta a 1954, aka sa mata wannan suna a 1976. Wata hukuma mai suna GMAC ce ke da ita. An sha yi mata kwaskwarima, ta baya-bayan nan a ƙarshen 2023, tsohon tsarin kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Wannan kansa abin lura ne, don in kika ga mutum yana rungume da tsohon littafin da wansa ya yi amfani da shi shekara goma da suka wuce, yana haddar yadda ake rubuta insha'i, to yana shirin jarrabawar da babu ita.

A yanzu awa biyu da minti 15 ce, a kan kwamfuta, tambaya 64, kashi uku, kowane kashi minti 45. Akwai lissafi mai tambaya 21, akwai fahimtar Turanci da auna hujja mai tambaya 23, sai na ukun mai tambaya 20 wanda ake ba mutum jadawali da zane-zanen alƙaluma a ce ya fitar da ma'ana. Maki yana farawa daga 205 ya tsaya a 805.

Yanzu ki buɗe kunnenki da kyau, don nan ne zancen yake. Ita GMAT ba a cin ta, ba a kuma faɗuwa. Ba kamar jarrabawar gama sakandare ba ce da za a ce wane ya samu kiredit wane bai samu ba. Maki kawai ake ba mutum, kowace makaranta kuma da irin makin da ɗalibanta suka saba zuwa da shi. Wanda ya samu 555 zai iya shiga wata makarantar, wani kuma ya samu 645, wanda shi ne daidai da 700 a tsohon tsari, ya ce bai ishe shi ba sai ya sake. Ana iya zama har sau biyar a cikin wata goma sha biyu, da tazarar kwana 16 tsakanin zama da zama. Kin ga ke nan "ki jira ni sai na ci" alkawari ne da ba shi da bakin iyaka, kamar a ce ki jira sai kogi ya gama wucewa. Abin da za a tambaye shi shi ne: maki nawa kake nema, don wace makaranta, kuma a wane wata za ka zauna?

Abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci, makin GMAT shekara biyar yake yi yana aiki. Wanda ya zauna bana zai iya neman makaranta da shi baɗi, ko baɗin baɗaɗa, har ma gaba. Manyan makarantun kuwa ba yara sababbin fitowa suke so ba, yawancin waɗanda suke ɗauka sun yi wajen shekara biyar suna aiki, domin a ajin nan ba malami kaɗai ke magana ba, matsalar wani kamfani ake shimfiɗawa a ce kowa ya faɗi yadda zai yi in shi ne shugaba, wanda bai taɓa riƙe komai ba kuwa me zai ce? To don Allah ina abin da ya haɗa jarrabawar wata uku ko shida da ɗage aure? Magidanta nawa ne suka zauna ta da 'ya'ya biyu a gida? In dai jarrabawar ce kaɗai hujjarsa, hujjar ba ta da ƙafa.

Amma fa in yi masa adalci, shirin nata ba wasa ba ne, kuma ina so ki san haka don kada ki zarge shi a inda bai yi laifi ba. Lissafin cikinta bai wuce na sakandare ba, kashi cikin ɗari ne da riba da faɗuwa da aljabara, sai dai agogo ne dodon. Tambaya 21 a minti 45, wato minti biyu da 'yan daƙiƙu kowace ɗaya, kuma a wannan kashin ba a yarda da kalkuleta ba. Ma'aikacin bankin da ya shekara biyar kwamfuta na yi masa lissafi sai ya ga bakwai sau takwas ma tana neman ta gagare shi. Sannan kwamfutar tana da wayo irin na 'yar tsohuwa: in ka amsa daidai ta ƙaro maka mai wuya, in ka kuskure ta sassauto, makinka kuma ya sassauto tare da ita. Amsa uku kacal ake yarda ka koma ka gyara a kowane kashi, kuma wanda lokaci ya ƙare masa bai gama ba ana rage masa maki.

Bari in ba ki ɗanɗano da irin kayanmu. Za a ce: nawa ne kuɗin turmin atamfa ɗaya? Sai a ba ki bayani biyu. Na farko, turmi biyu da gyale ɗaya naira 50,000 ne. Na biyu, gyale rabin kuɗin turmi ne. Ba kuɗin ake so ki faɗa ba, so ake ki ce wane bayani ne ya isa a gano amsar. Na farko shi kaɗai bai isa ba, na biyu ma haka, amma in an haɗa su turmi ya tashi naira 20,000. Mai gaggawa sai ya zauna yana ta lissafi, mai hankali kuwa da ya ga bayanan sun isa sai ya wuce. A ɓangaren Turanci kuma za a kawo miki mai shagon da ya ce tun da ya kafa sabon allo a ƙofa cinikinsa ya ninka, don haka allon ne ya jawo. Sai a ce wace magana ce za ta rusa hujjarsa? Amsar ita ce wadda ta nuna cewa a watan azumi ya kafa allon, lokacin da kowa ke sayen kayan sallah. Irin wannan tunanin ake aunawa, kuma ni a ganina matan da suka saba zama da dangin miji sun fi maza iya shi.

Wanda yake aiki daga safe zuwa yamma, in yana so ya yi abin kirki, sai ya ba ta awa ɗaya ko biyu kullum, da yini guda a ƙarshen mako, na tsawon wata uku zuwa shida. Saboda haka in kika ga ya rage zuwa zance, ya koma sau ɗaya a mako, yana hamma tun ƙarfe tara, kada ki ce wata ya samu. Wanda zan fi jin tsoro shi ne mai zuwa kullum tsaf da shi yana ƙamshin turare, ya kai goma na dare a ƙofar gidanku, ranar Asabar yana gidan kallon ƙwallo, amma bakinsa bai rabu da GMAT ba. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Mai shirin gaske yana da alamomi. Masu jarrabawar suna ba da gwaji guda biyu kyauta a shafinsu na intanet, kuma duk mai hankali da ɗaya daga ciki yake farawa don ya san inda yake tsaye, saboda haka in kika ce masa "nawa ka samu a gwaji?" nan take zai faɗi lamba, ko da kuwa da ɗan jin kunya. Yana da littafin da hukumar ke bugawa na tambayoyin da aka taɓa yi, kuma littafin ya sha hannu. Yana da ɗan littafin rubutu inda yake tara duk tambayar da ta kayar da shi da dalilin faɗuwar, don wanda ya amsa tambaya dubu bai waiwayi kuskurensa ba wahalar banza ya yi. Uwa uba, ya biya kuɗi ya kama rana. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne: a 2024 dala 275 ne a cibiyar jarrabawa a Amurka, dala 300 ga mai yi daga gida ta intanet, sauran ƙasashe ma kusa da haka. Kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a banki, abin bai kai naira 130,000 ba. Da dala ta haura 1,500 a 2024 sai zama ɗaya ya wuce naira 400,000. Mutumin da ya zuba wannan kuɗin ba sai an tashe shi karatun asuba ba.

Af, tunda na ambaci yi daga gida, shawarata ga duk mai niyya ya daure ya tafi cibiya, Legas ko Abuja. Ta gidan ana kallon mutum ta kyamara, ba a yarda kowa ya shigo ɗakin ba, ga wuta ga intanet da ba a so su yanke. Ku gaya mini gidan Bahaushen da za a yi awa biyu yaro bai banko ƙofa yana neman kuɗin kati ko na makarantar allo ba! Kuma a tabbata sunan da aka yi rajista da shi ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed a wurinsu mutum biyu ne. Masu cewa kuma a ba su kuɗi su zauna wa mutum, a guje su, in aka gano soke makin ake yi a kuma hana mutum sake zama.

To a ce ya samu makin da yake so. Nan fa aka fara, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai ya nemo cikakkiyar takardar makinsa daga jami'ar da ya gama, wanda duk wanda ya taɓa nema ya san ba aikin kwana ɗaya ba ne. Sai wasiƙun shaida daga shugabanninsa na wurin aiki, sai rubutun da zai bayyana ko shi wane ne da abin da yake so ya zama, sai ganawa ta baki da baki. Kuɗin fom kaɗai a manyan makarantu yakan kai dala 250 kowace ɗaya. Yawancinsu suna karɓar takardu zagaye-zagaye, na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, karatu kuma ya fara a Agusta ko Satumba mai zuwa. A Amurka shekara biyu ake yi. A Okisfod da Kambirij na Ingila shekara ɗaya, a INSEAD ta Faransa wata goma. Ki lissafa da yatsunki: shekara guda ta shiri da nema, sannan ɗaya ko biyu ta karatu. Mafi ƙaranci shekara biyu ke nan, in Amurka ce uku, kuma wannan in komai ya tafi daidai a karon farko. Da yawa kuma ba sa juyowa ranar da suka gama, sukan tsaya su yi aiki don biyan bashin da suka ci.

Bashi kuwa dole a yi maganarsa. A manyan makarantun Amurka kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, in aka haɗa da haya da abinci da inshorar lafiya ya wuce dala 100,000. Shekara biyu, a canjin 2024, ana maganar naira miliyan 300. Albashin wane banki ne zai biya wannan? Akwai tallafi, ba a ce babu ba. Makarantun da kansu suna rage wa wanda suka ga ya cancanta, kuma nan ne babban maki yake da rana. Akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke son mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ya nema, ya kuma koma ƙasarsa na shekara biyu bayan ya gama, amma ko shi yana da iyakar abin da yake biya wa mai MBA, ragowar kai za ka cika. Saurayin da aka tambaye shi "wa zai biya?" ya ce "Allah zai kawo", to Allah shi ne mai kawowa, amma shi bai zauna ya yi lissafi ba.

Sai maganar da na san tana ranki ko da ba ki rubuta ba: to me zai hana a ɗaura ya tafi da ni? Da can ana yi. Amma tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu irin na zaman aji tafiya da iyali, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, MBA kuwa na zaman aji ne. A Amurka bizar matar ɗalibi ba ta ba ta izinin yin aiki, ga shi kuma a 2025 sun ƙara tsaurara ba 'yan Nijeriya biza. Don haka in ya ce miki "da na sauka zan aiko miki", ki ce ya nuna miki a ƙarƙashin wace doka.

Kuma wa ya ce sai an ƙetare teku? Ga makarantar koyon kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero nan Kano, ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ke yin MBA har ta karatu daga nesa, ga Lagos Business School da ta fara tun 1991 kuma ake ganin girmanta har a waje. Yawancin jami'o'inmu ba sa neman GMAT sam, abin da suke so digiri ne mai daraja, da takardar bautar ƙasa, da kiredit a Turanci da lissafi, mai babbar difloma kuma ya fara yin difloma ta gaba da digiri. Da yawa ana yin su ne a ƙarshen mako, mutum na aikinsa, yana kwana a gidansa. Ban ce daidai suke da Harbad ba, wanda ke son aiki a Landan ko Dubai ya san abin da yake nema. Amma in burinsa ya zama manaja a nan gida ne, sai ya faɗi abin da na wajen zai ba shi wanda ya kai a jingine aure shekara uku.

Abin da nake ba ki shawara, kada ki tsare shi da waɗannan tambayoyi a zaure kina kuka, zai ce ba ki son ci gabansa, ku ɓata a banza. Ki samu yayanki ko kawunki wanda ya yi boko, ki ba shi wannan shafi ya karanta, shi ya zauna da shi a matsayin maza. In ya kawo rana da rasit da sunayen makarantu da inda kuɗi zai fito, to a je wa Baba da magana mai kai: a sa rana bayan jarrabawar da wata ɗaya ko biyu, a yi biki ki tare, neman makaranta ya biyo baya tunda makin na nan shekara biyar. In ma tafiyar ta zo da wuri, gara ya tafi ya bar matarsa da ya bar budurwa, kowa ya san matsayinsa. In kuwa aka tambaye shi ya hau kame-kame, yau Kanada gobe Ingila, bai san ko kashi nawa jarrabawar take ba, to Mama ta riga mu gani, kuma kada ki yarda a ɗaga miki ko da wata ɗaya ne a kan wannan.

Ku kuma sauran 'yan matan da ke karanta ni, musamman masu digiri da ke zaune a gida ana jiran miji, gwajin nan guda biyu kyauta ne, ba a tambayar ko mace ce ko namiji. Mai kwamfuta a gidansu ta ware awa biyu da kwata ranar da gida ya yi shiru ta gwada, ta rubuto mini abin da ta samu, ba zan faɗi suna ba. Akwai kuma wata jarrabawar mai suna GRE wadda yawancin makarantun kasuwanci suke karɓa a madadin GMAT, tun Satumbar 2023 ba ta kai awa biyu ba, kuma an yarda da kalkuleta a lissafinta, sai dai tana son mai yawan kalmomin Turanci. Wadda lissafin ka ke ba ta tsoro ta leƙa wannan.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba wasiƙar uwargidan da maigidanta ya ce ta zaɓa, ko aikin asibiti ko shi. Sai mun haɗu, a gaida yara.